Ɗan Kallo Ma Ɗan Wasa Ne: Sharhi a Kan Kewar Wasan Daɓe a Fagge da Sabon Gari

Duk wanda ya saba zama da dattawan Fagge, ko a bakin shagon tela ko a majalisar bayan la'asar, ya san akwai wata hira da ba ta tsufa a bakinsu, watau hirar wasannin kwaikwayon da suka kalla ido da ido a zamanin samartakarsu. Da zarar wani yaro ya zaro waya ya kunna fim a kusa da su, to, ya sosa musu inda yake yi musu ƙaiƙayi. Nan da nan sai a shiga lissafin waɗanda suka iya wasa da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, da daren da aka yi dariya har wani ya faɗo daga kan benci, da yadda ake tashi daga wurin wasa a biyo titi ana maimaita maganar ɗan wasa har ƙofar gida. Ƙarshen hirar kullum ɗaya ne, wai wasa dai an yi shi a da, na yanzu hoto ne kawai.

Mu ɗalibai mun saba mu yi murmushi mu ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, mu wuce abinmu. Ni kuwa nufina a wannan ɗan sharhi shi ne in ɗauki hirar nan da gaske, in auna ta kamar yadda muke auna littafi a aji. Dalilina shi ne, mafi yawan wasannin daɓen da aka yi a Kano ba a rubuta su ba, ba a kuma ɗauke su a faifai ko a hoto ba. Iyakar taskar da suke ciki ita ce kawunan waɗanda suka kalla. Idan muka raina wannan taska, to, mun yarda ke nan cewa tarihin wasan kwaikwayon Hausa bai wuce 'yan littattafan nan da ake sa mu karantawa domin jarrabawa ba.

Abin da ya fara ɗaure mini kai game da hirar dattawan nan shi ne irin abin da suke tunawa da irin abin da suke mantawa. Tambayi ɗayansu sunan wasan da yake yabo, sai gardama ta kaure tsakaninsa da na kusa da shi. Tambaye shi jigo, sai ya ba ka a jimla guda: auren dole ne, ko kishi, ko alhaji mai ruwan ido, ko baƙauye ya shigo birni an wanke shi, ko malamin tsibbu asirinsa ya tonu. Tambaye shi yadda labarin ya warware, sai ya ce ai dai an kai gaban alƙali. Amma ka bar shi ya yi hirarsa yadda yake so, sai ka ji abin mamaki. Zai kwatanta maka yadda ɗan wasa ya shigo yana jan ƙafa, da yadda ya karkata hula, da tsawon shirun da ya yi kafin ya buɗe baki. Zai gaya maka maganar da wani ya jefo daga can bayan taro, da amsar da ɗan wasan ya mayar masa nan take ba tare da ya fita daga kamannin da ya shiga ba. Zai tuna cewa ranar an ɗauke wuta aka ƙarasa da fitilar gas, ko hadari ya taso aka gaggauta sakin matar domin a tashi kafin ruwa ya sauko. Ɗalibin da ya je da takardar tambayoyi a kan jigo da zubi da tsari zai dawo ya ce tsofaffin nan ba su riƙe kome ba. A ganina kuwa sun riƙe ainihin abin. Labari a wasan daɓe turke ne kawai da ake ɗaure wasa a jikinsa. Wasan kansa shi ne abin da ya gudana tsakanin mai yi da mai kallo a wannan dare, kuma shi ne ƙwaƙwalwa ta adana.

Kafin in ci gaba, ya kamata mai karatu wanda ba Bakano ba ya san dalilin da ya sa hirar ta fi ƙarfi a wannan yanki. A cikin ganuwa akwai idon iyaye da na malamai da na fada, saurayi ba ya sakewa. Fagge kuwa tun asali zango ce ta fatake da Buzaye masu zuwa da raƙuma, wurin da baƙo yake sauka, ba a cika tambayarsa ɗan gidan wane ne ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai aka yanka Sabon Gari a gefenta domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran ƙasashen bakin teku. Saboda haka duk wani sabon abin kallo, ta nan yake fara sauka. Gidan siniman Rex a Sabon Gari aka buɗe shi a 1937, shekara goma sha biyar kafin a yarda a gina Palace a cikin birni a 1952, shi ma da ƙyar da surutu. Eldorado a Sabon Gari take, Plaza a Fagge. Ɗan birnin da yake son kallo sai ya fito waje, ya ratsa Fagge, in ya so ya tsallaka Sabon Gari. Ɗan Fagge kuwa abin a ƙofar gidansu yake.

Ta wannan hanya ce mutanen yankin suka san wasan Yarabawa masu yawo gari gari da motarsu da gangunansu da kayan shigarsu, irin su Hubert Ogunde, daga baya kuma Baba Sala. Ba ƙaramin abu suka kawo ba. A 1950 Ogunde ya fito da wasansa mai suna Bread and Bullet, a kan harbin da 'yan sanda suka yi wa masu haƙar kwal a Inugu cikin watan Nuwamba na 1949, inda mutum 21 suka mutu. Da ya kawo shi Kano sai hukumar Turawa ta hana, har aka kai shi gaban shari'a. Wanda duk ya ga haka ya koyi darasi biyu ko da bai ji Yarabanci ba: na farko, ana iya sayar da tikiti a ci abinci da wasa, na biyu, wasa yana iya ba mai mulki tsoro. A shekarar nan ta 1950 ɗin, cikin watan Agusta, a Sabon Garin nan aka kafa jam'iyyar NEPU, wadda Malam Aminu Kano ya zo ya shugabanta, shi da tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasanni na yi wa azzalumai da macuta shaguɓe, irin su Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba. Wasannin nan nasa ma ba su sami shiga maɗaba'a a zamaninsu ba, sai dai labarinsu.

Amma kada a ɗauka daga Kudu ko daga Turai Bahaushe ya koyi zama ɗan kallo. Yaron da ya tashi a Fagge ya yi tashe tun daga goma ga watan azumi, ya yi Tsoho da Gemu, ya yi Jatau Mai Magani, ya ga 'yan mata suna Mairama da Daudu. Ya ga ɗan kama a bakin kasuwa ya naɗa rawani yana wa'azi a kan tuwo da miya. A duk waɗannan, mai kallo ba ya zama ya naɗe hannu. Shi ne mai amshi, shi ne mai ba da sadaka ko ya hana, shi ne mai cewa a sake ko a wuce gaba. Ɗan kaman da bai iya karanta fuskar taro ba, da yunwa zai kwana. Wannan ita ce makarantar farko. Ta biyu ita ce ta boko, wadda ta zo da labule da dandamali da rarraba wasa kashi kashi da fitowa fitowa, tun daga wasannin nan shida da R. M. East ya shirya a shekarun 1930, zuwa Wasan Marafa na Abubakar Tunau da aka buga a 1949, zuwa wasannin da Malam Yusuf Maitama Sule ya riƙa shirya wa ɗalibansa yana malami a Midil ta Kano a ƙarshen shekarun 1940, abin da ya zama tushen ƙungiyar wasan da ta ɗauki sunansa. Ƙungiyoyin samarin da suka yawaita daga baya, irin su Tumbin Giwa da Gyaranya da Jigon Hausa, sun ɗauki dandamali da labule daga boko, amma 'yan kallonsu 'yan makarantar tashe ne. Daga wannan gauraye aka sami abin da dattawa suke kewa.

Yadda galibin ƙungiyoyin suke aiki shi ne, wani ya zo da labari a ka, ko a 'yar takarda shafi ɗaya ko biyu. A zauna ya zayyana shi, a raba wa kowa nasa: kai ne alhaji, kai ne ɗan aike, kai ne mai dalilin aure. A yi gwaji sau da yawa har kowa ya san inda zai shiga da inda zai fita da abin da tilas ya faru kafin a ja labule. Amma kalmomin da za a faɗa, wannan kowa da bakinsa. Haka 'yan'uwanmu na Damagaram suke yi, su Yazi Dogo, kamar yadda Janet Beik ta nuna a littafinta na 1987 a kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar. Abin da wannan tsari yake haifarwa shi ne, ba a taɓa yin wasa ɗaya sau biyu. Fitowar da aka yi cikin minti biyar jiya, yau tana iya kai rabin sa'a domin taro ya karɓe ta. Wadda aka sha wahalar gwadawa tana iya mutuwa a tsaye, ɗan wasa ya ji wurin ya yi sanyi, ya yi dabara ya tsinke ta. Ashe ke nan tsawon kowane kashi, da nauyin kowane ɗan wasa, da inda za a tsaya a ja rai, duk waɗannan abubuwa da muke kira zubi da tsari muna jingina su ga marubuci, a wasan daɓe 'yan kallo ne suke yanke su. Idan dattijo ya ce wasan da ya fi na yanzu, abin da yake nufi, ko ya sani ko bai sani ba, shi ne a wancan yana da hannu, a wannan kuwa ba shi da shi.

Wannan ne ya sa nake ganin muna yi wa rubutattun wasanninmu karatun da bai dace da su ba. Ɗauki Uwar Gulma na Mohammed Sada, wanda ya fito a 1968. A aji mukan ce Hayatu mugun miji ne wanda ba shi da wani fuska sai ta mugunta, Halima kuma abar tausayi ce kawai, mu rubuta cewa marubucin bai zurfafa wajen gina 'yan wasansa ba. To, na taɓa ganin an yi wannan wasa a wata makarantar sakandare a yankin nan namu, ranar da aka gayyato iyaye. Yaron da ya fito a Hayatu bai gama wulaƙanta Halima a fitowar farko ba sai da wata dattijuwa daga cikin taro ta ɗaga murya ta yi masa Allah ya isa. Wuri ya ɗauki sowa. Yaron nan, maimakon ya rikice, sai ya juyo ya yi mata wani irin kallo na raini, ya gyara wuyan riga, ya ci gaba. Daga nan har ƙarshen wasa ba Halima kaɗai yake yi wa rashin mutunci ba, da dukan matan da suke zaune a wurin yake yi, su kuwa suna rama mata. Zurfin da muka ce babu a littafi, ga shi ya fito, domin kowace mace a wurin ta cika hoton Hayatu da wani Hayatun da ta sani. Marubucin ya bar gurbi ne, mu kuwa da muke karatu a ɗaki shiru muka ga gurbin muka kira shi rauni.

Akasin haka kuma yana faruwa. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu na 1959 da Jatau Na Kyallu na 1960, a rediyo aka fara jin su kafin a buga su. Shi ya sa suke da daɗin karatu, Hausarsu ta cika ta tumbatsa, mutum ɗaya yana iya riƙe magana mai tsawo kunne bai gaji ba. Amma duk wanda ya gwada ɗora su a kan dandamali kamar yadda suke a rubuce ya san sai an sa almakashi, domin taro ba ya haƙurin da mai sauraron rediyo yake yi. Ba aibi ne ga Maƙarfi ba. Abin nufi dai, kunne daban, ido daban, taro kuma daban, mu kuwa mun tara su duka a kwando ɗaya mun kira shi rubutaccen wasan kwaikwayo, muna auna su da mudu guda.

To, amma fa ba duk abin da dattawa suka faɗa ne zan sa wa hannu ba. Kewa takan yi wa abu kwalliya, aikin mai sharhi kuwa shi ne ya duba fuskar kafin a shafa mata hoda.

Babbar maganar da suka fi yi ita ce wai wasan da tarbiyya ne zalla, na yanzu ɓata tarbiyya. Wannan ba ta karɓuwa ga wanda ya karanta ko da littattafan da muka ambata. Uwar Gulma cike yake da mashaya da matan banza. Jatau Na Kyallu labarin attajiri ne da karuwa ta tsiyata. Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, na 1979, labarin mai kuɗi ne da yake lalata 'yar makaranta. Gaskiya ne a ƙarshe mugu yakan ga sakayya, amma kowa ya san ba domin sakayyar ake cika wuri ba. Fitowar gidan karuwai da ta mashaya su ne ake jira, su ne ake ja, su ne kuma har yau dattijo yake kwaikwayo yana dariya. Wa'azin ƙarshe kuwa sau da yawa ana yinsa mutane suna neman takalmansu. Sa'an nan a tuna, a wancan zamanin ma ba a kallon ɗan dirama da mutunci. Mutumin da yau yake rantsuwa cewa wane gwani ne ba a yi kamarsa ba, da wanen ya aiko neman auren ƙanwarsa a lokacin, da wuya a karɓi goron.

Wannan ya kawo mu ga maganar mata. Idan ka saurari hirar da kyau za ka lura muryar maza ce. Matar aure ta kulle ba ta zuwa gidan sinima ko harabar otal da dare, sai fa wasan makaranta da rana irin wanda na ambata. A makarantun maza da ƙungiyoyi da yawa, namiji ne yake ɗaura zane ya yafa gyale ya fito a mace, abin da yake mai da kowace mace abar dariya tun kafin ta yi magana. Macen da ta yi ƙarfin halin hawa dandamali da kanta kuwa, ta san sunan da za a kira ta da shi a unguwa. Saboda haka wasannin da jigonsu kusan kullum aure ne da saki da kishi, ana yinsu ne a gaban rabin al'umma, a kan ɗaya rabin da ba ya nan balle ya mayar da martani. Duk abin da za a ce game da finafinan bidiyo, su ne suka shigar da wasa har cikin ɗakin matar kulle, su ne kuma suka sa aka fara shirya labari ana tunanin abin da za ta so. Ban taɓa jin tsohuwa tana kewar wasan daɓe da irin zafin da tsoho yake yi ba, kuma ina ganin dalilin a fili yake.

Har ila yau, ikon nan na 'yan kallo da nake yabo yana da nasa sharrin. Ɗan wasan da yake rayuwa da sowar taro, bawan sowar ne. Abin da ya fi saurin kawo dariya shi ne kwaikwayon Hausar wanda ba Bahaushe ba, da wautar baƙauye, da tafiyar gurgu, da in'inar mai in'ina, to, sai aka yi ta sha daga wannan rijiya har ta zama al'ada. Wasa mai ban tausayi na gaske, wanda yake bukatar a yi tsit a bar baƙin ciki ya sauka a zuciya, da wuya ya rayu a gaban taron da ya zo da shirin shewa. Ina zaton wannan na cikin dalilan da suka sa wasanmu ya yi ƙarfi ƙwarai wajen barkwanci da shaguɓe, ya yi rauni wajen abin da ya shafi ciwon zuci, ya kuma saba da kiran alƙali ko mai unguwa ya zo ya kashe magana domin kowa ya tafi gida da sanyin rai. Shaihu Umar da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasa, aka buga a 1975, ya fita daga wannan layi, amma shi daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa aka ciro shi, kuma ba irin wasan da ƙungiyar unguwa take iya ɗauka ba ne.

Saura tambayar da dattawa ba su son a yi musu: wa ya kashe wasan? Sukan ɗora laifin a kan yaran zamani, ko a kan hukuma. Gaskiya ne bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 da kafa hukumar tace finafinai a 2001, taron kallo na dare ya shiga takura, abin da ya saura na hawa dandamali a Sabon Gari kuma ya fi karkata ga gidajen gala, inda rawa da bin waƙar fim suka danne wasa. Amma kafin wannan duka, daɓe ya riga ya yi sanyi. Telebijin ce ta fara janye mutane. Da gidan telebijin na tarayya a Kano ya kawo Kuliya Manta Sabo, inda Daudu Galadanci yake zaman alƙali, na Kaduna kuma ya kawo Samanja da su Ƙasimu Yero, sa'an nan gwamnatin Abubakar Rimi ta buɗe CTV a 1982, sai ƙungiyoyin wasa suka ga inda suna yake, suka nufi can. 'Yan kallo ma suka ga ga wasa har gida ba tikiti ba sauro. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa, wadda a daɓe ta tashi, ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan kuwa kowa ya san inda labari ya nufa. Ba mu kaɗai ba ne. Ogunde da kansa ya koma fim da Aiye a 1979, sauran masu yawo da mota suka bi shi. Waɗanda suka sayi akwatin telebijin na farko a Fagge, suka sayi na'urar bidiyo, suka daina fita, su ne samarin jiya, watau dattawan da suke hirar nan a yau.

Ba na faɗin haka domin in ci musu fuska. Cinikin da suka yi kowa zai yi shi, kuma sun sami riba: na'urar ɗaukar hoto tana kawo fuskar ɗan wasa kusa har ka ga rawar leɓensa, tana kuma adana wasa, shi ya sa jikokinsu suke iya ganin Samanja amma ba su iya ganin ko ɗaya daga cikin gwanayen da ake ba su labari. Abin da ba su lura sun bayar ba a cinikin shi ne bakinsu. Wasannin telebijin na farko sun ɓoye wannan asara, domin kusan wasan daɓe ne aka sa wa na'ura a gaba: ɗaki ɗaya, magana daga ka, 'yan wasan da suka ƙware a gaban taro suna barin gurbin dariya kamar suna jin ta. Mutane kuma suka ci gaba da taruwa a ƙofar gidan mai akwati suna yi wa Kuliya magana. Sai dai Kuliya ba ya ji. Da aka sami sababbin 'yan wasa waɗanda ba su taɓa tsayawa a gaban mutum ɗari biyu masu iya yi musu ihu ba, sai gurbin nan ya rufe.

Wani abin ban sha'awa, a daidai lokacin da gari yake barin wannan hanya, jami'a tana ƙoƙarin gano ta. A ƙarshen shekarun 1970 Michael Etherton da abokan aikinsa a sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suka riƙa fita da ɗalibai zuwa Samaru da ƙauyuka irin su Soba da Maska, a shirya wasa a kan matsalar mutanen wurin, a tsaya a tsakiya a tambayi 'yan kallo yadda za a yi. An rubuta maƙaloli da yawa a kai, ana kawo sunayen masana daga Barazil. Aiki ne mai kyau, kuma ya fi wasan unguwa ta fuska ɗaya, domin ya juya bakin taro zuwa ga maganar taki da haraji da filin noma maimakon kwaikwayon gurgu. Amma da an tambayi mai sayar da rake a ƙofar wurin wasa a Fagge, da ya ce ai su ba su taɓa jiran a ba su izinin sa baki ba.

Inda abin ya shafe mu 'yan wannan ƙungiya wuri biyu ne. Na farko, nazari. Maitama Sule ya rasu a 2017, Ƙasimu Yero ma a shekarar, Usman Baba Pategi, watau Samanja, a 2023. Su dai an yi hira da su a rediyo da jaridu, wani abu ya saura. 'Yan kallonsu fa, wa ya taɓa zama da su da na'urar ɗaukar magana? Kowace shekara ɗalibai suna rubuta kundin digiri a kan jigo da salo a littafin da aka riga aka feɗe sau hamsin, alhali tela da direba da ɗan canji da suka ga abin da ba ya cikin kowane littafi suna nan tsakanin Wapa da Kantin Kwari, kuɗin mota ɗaya daga makaranta. Wanda zai je kuwa ya bar tambayar jigo a gida. Ya tambayi mutum ina aka yi wasan, nawa ya biya, a ina ya zauna, su wa suke gaba su wa suke baya, akwai mata ko babu, wa ya yi magana daga cikin taro, me aka mayar masa, a wace fitowa aka fara tashi. Ya tambayi mutum uku a kan dare ɗaya, ya rubuta saɓaninsu yadda yake, kada ya daidaita.

Na biyu, wasan da muke yi a Makon Hausa. Yadda muka saba, a jera manyan baƙi da malamai a kujerun gaba da teburi da ruwan roba, ɗalibai a can baya, 'yan wasa su haddace takarda kalma kalma, mai gabatarwa ya roƙi jama'a a yi shiru, in wani ya jefo magana a yi masa tsawa. Sa'an nan mu fito muna mamakin yadda abin ya yi lami. Shawarata ga kwamitin bana ita ce a ɗauke teburin nan daga gaba, a fitar da wasan fili, a bar mutane su kewaye shi ta fuska uku. A ba 'yan wasa ƙashin labari su yi gwaji da bakinsu har ya zauna. A gayyato dattawa biyar ko shida daga Fagge, da tsofaffin mata ko da uku ne, a zaunar da su a inda ɗan wasa zai ji su, kada kuma mai gabatarwa ya ce a yi shiru.